Ƙetare Urdun a Shekarar Ambaliya

Karatu: Joshuwa 3, Ayyukan Manzanni 27, Luka 14:28-32

Ƙasarmu ta Illela shimfiɗaɗɗiya ce. In mutum ya fita bayan gari ya dubi arewa wajen Birnin Konni, ko ya juya kudu wajen Gwadabawa, ba abin da zai tare masa ido sai 'yan tuddai marasa tsayi da itatuwan ƙaya. 'Ya'yanmu da suka tashi a nan suna jin sunan Dutsen Sina'i da Karmel da Harmon tun suna ajin Lahadi, amma yawancinsu ba su taɓa taka wurin da gajimare yake ƙasa da ƙafar mutum ba. Saboda haka ban yi mamaki ba sa'ad da matasa tara na ikilisiyarmu suka zo mini a farkon shekarar 2024 da shirin tafiya zuwa Gangirwal.

Gangirwal, wanda ake kuma kira Chappal Waddi, shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya. Tsayinsa mita 2,419 ne, yana kan iyakarmu da Kamaru, a cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti na Jihar Taraba. An kafa gandun a 1991, faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a ƙasar nan. Yawancin masu hawan dutsen sukan bi ta tudun Mambila, ta Nguroje da Njawai, su gama cikin 'yan kwanaki. Matasanmu kuwa doguwar hanya suka zaɓa. Suna so su sauka a Serti, inda ofishin gandun yake, su shiga daji ta ƙauyen Gashaka, su yi kwana takwas a ƙafa, suna addu'a da karatun Maganar Allah a kowane zango, su kuma gaisa da masu bi a ƙauyukan da suka ratsa. Akwai malaman makaranta uku a cikinsu, da ma'aikaciyar jinya, da tela, da mai gyaran waya, sauran ɗalibai ne. Wata takwas suna tara kuɗi cikin asusu. Ƙarshen Agusta suka tsayar, domin a lokacin ne kaɗai dukansu suke hutu.

Na sa wa shirin albarka tun daga farko, na kuma ce da su lokacin da suka zaɓa tsakiyar damina ne, don haka za mu zuba ido mu ga yadda shekarar za ta kasance kafin a yanke magana. Ina da dalilin faɗin haka. Bayan na gama makarantar tauhidi, wurin da aka fara tura ni aiki a gindin tudun Mambila ne, na yi shekara huɗu ina zagaya ƙananan majami'u a ƙafa. A can na koyi cewa kalmar "mayo" da ke gaban sunayen garuruwa da yawa kogi take nufi da Fulatanci, kuma ba banza aka sa ta ba. Na ga rafin da na taka da safe ruwansa iyakar idon sawu, da la'asar ya tafi da saniya, alhali ko ɗigo bai sauka a inda muke tsaye ba. A bisa duwatsu aka yi ruwan, mu kuwa labarinsa kawai ya iso mana.

Mu mutanen Sakkwato ma mun san wannan darasi. A watan Satumba na 2010, sa'ad da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, kogin Rima ya cinye gonaki da ƙauyuka, har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yawancin ruwan nan daga nesa ya taho, daga Zamfara da Katsina da Gulbin Maraɗi. Manomin da ya dubi sararin samaniyar garinsa kaɗai ba zai san abin da ke tafe masa ba.

Daminar 2024 kuwa ta zo da ƙarfi irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Duk ranar Lahadi, bayan an tashi sujada, 'yan'uwanmu da suka ƙetaro daga Konni don cin kasuwa sukan kawo labarin gidajen da suka rushe a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Cikin Agusta rediyo ya fara kawo labarin ambaliya a Jigawa da Adamawa da Taraba. Na kira wani tsohon abokin aikina da ke zaune a wancan yanki, ya ce mini rafuka sun cika, masu zuwa kasuwa daga kan tudu sukan kwana a bakin ruwa suna jiran ya janye. Sai na tara matasan a majami'a, saura mako guda su tashi, na ce shawarata ita ce a ɗaga tafiyar zuwa rani.

Shugabansu, saurayi mai himma wanda ni na yi masa baftisma, ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Baba, ai kai ka koya mana Joshuwa sura uku. Lokacin da Urdun ya cika ya batse ne Isra'ilawa suka haye. Da sun jira ruwa ya janye, da ina za a ga ikon Allah? Mun yi addu'a, mun yi azumi, mun tara guzuri. In muka fasa saboda ruwa, ashe ba mu gaskata ba ke nan?"

Ba tambayar banza ba ce, kuma ba ta reni ba ce. Na san cewa in na amsa ta da ikon kujerata kawai, zai yi shiru, amma zai fita da tunanin cewa bangaskiya ta matasa ce, tsoro kuma na tsofaffi. Wannan ya fi fasa tafiyar muni. Saboda haka na ce, "Ɗana, zauna mu buɗe wurin tare."

Gaskiyarsa ne, Urdun a cike yake a lokacin. Littafin ya nuna cewa kakar girbi ce, a watan fari na shekararsu, wato wajen Maris ko Afrilu. Dalilin cikarsa yana can arewa. Dutsen Harmon yana da tsayin mita 2,814, dusar ƙanƙara takan rufe kansa a lokacin sanyi. In zafi ya fara shigowa sai ta narke, ta gangara cikin maɓuɓɓugan Dan da Baniyas da kogin Hasbani, waɗanda suka haɗu suka zama Urdun. Mutumin da ke tsaye daura da Yariko cikin zafin kwari ba ya ganin ƙanƙarar, amma ita ce ke gudu a gabansa. Gwargwadon yawanta a bisa dutse, gwargwadon haukan kogin a ƙasa.

To, amma sai mu lura da yadda Joshuwa ya tunkari ruwan. Kafin ya tashi daga Shittim ya aiki mutum biyu su leƙo ƙasar, ya jira suka komo da labari. Da ya iso bakin kogin bai faɗa ciki ba, jama'a suka yi zango har kwana uku. An ba su tsari: firistoci masu ɗauke da Akwatin Alkawari su yi gaba, jama'a su bar tazarar kamu dubu biyu a tsakani, kowa ya tsarkake kansa. Abin da ya fi duka nauyi shi ne, Ubangiji da kansa ya umarce shi ya haye, ya kuma faɗa masa abin da zai faru da ruwan. Joshuwa bai zaɓi ranar don ta dace da hutunsa ba. Sai na tambayi matasan, wa ya tsayar mana da ƙarshen Agusta? Suka yi shiru, domin dukanmu mun san kalandar makaranta ce ta tsayar.

Ɗaya daga cikin malaman, wanda ke koyar da kimiyya, shi ya kawo misalin da ni ban sani ba. Tun da suka fara shiri yake karanta labaran masu dogayen tafiye-tafiye a intanet. Ya ce a yammacin Amurka akwai hanyar ƙafa mai tsawon kimanin kilomita 4,265, daga iyakar Meziko har iyakar Kanada, wadda ta ratsa duwatsun Siyera Nebada na Kalifoniya. A shekara ta sosai, matafiya sukan shiga duwatsun wajen tsakiyar Yuni. A 2023 dusar ƙanƙara ta ninka abin da aka saba fiye da sau biyu, har nauyinta ya lalata wata gada da ke kan hanyar. Da yawa cikin matafiyan shekarar suka tsallake yankin, suka ci gaba daga arewa, suka komo suka ƙarasa shi bayan ƙanƙarar ta narke. Ya ce abin da ya fi ba su tsoro shi ne rafuka, domin a 2017, wadda ita ma shekarar ƙanƙara ce, mata biyu matafiya sun rasu wajen ƙetare ruwa a waɗannan duwatsu. Mutanen nan suna da taswira da na'urori da takalma na musamman, duk da haka sun koyi cewa ranar da ta yi daidai bara tana iya zama ranar mutuwa bana.

Daga nan na kai su Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus ba matsoraci ba ne. Kafin wannan tafiya ya riga ya gaya wa Korantiyawa cewa sau uku jirgi ya fashe da shi a teku. Yana kuma da alkawarin Ubangiji cewa zai yi shaida a Roma. Duk da haka, da jirginsu ya tsaya a wata mafaka a tsibirin Karita bayan azumin Ranar Kafara ya wuce, shi ne ya ce kada a tashi. Masu jirgi na zamanin sun san cewa Bahar Rum yakan zama da hatsari daga tsakiyar Satumba, a rufe shi gaba ɗaya a cikin Nuwamba. Jarumin soja ya fi karkata ga maganar matuƙi da mai jirgin, mafi yawan mutane kuma suka goyi bayansu, domin mafakar ba ta da daɗin zama, wadda suke so kuwa tana gaba kaɗan, tafiyar da ba ta kai yini ba. Iska mai laushi ta taso daga kudu, suka ɗauka alama ce. Abin da ya biyo baya dare goma sha huɗu ne cikin hadiri. Allah cikin jinƙansa ya ceci rayuka 276, amma jirgin da kayansa duka sun salwanta. Shi wannan Bulus ne ya rubuta wa Titus cewa ya ƙudura ya ci damunar sanyi a Nikafolis, ya kuma roƙi Timoti ya yi ƙoƙari ya iso kafin sanyi ya shigo. Manzon da ya fi kowa tafiya yana duba lokaci, bai kuwa ga hakan ya rage masa bangaskiya ba.

Ubangijinmu Yesu ma an taɓa kawo masa irin wannan hujja. A bisa ƙololuwar Haikali, Iblis ya jawo masa Zabura, ya ce ya dira tun da an yi alkawarin mala'iku za su tallafe shi. Yesu ya ƙi. Alkawarin gaskiya ne, amma Uba bai aike shi ya dira ba, kuma akwai matakala. Wanda ya jefa kansa cikin hatsarin da ba a aike shi ba, sa'an nan ya ce dole Allah ya fitar da shi, ya mai da Ubangiji bawansa ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa Kirista ya guji kowane hatsari. In da haka ne, da bishara ba ta iso mana ba. A ranar 4 ga Disamba 1893, samari uku suka sauka a Ikko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan. An gargaɗe su cewa ba za su rayu ba. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya saura, sai a 1902 aka kafa tasha ta fari a Patigi. Daga wannan iri ne aikin ya yaɗu har ya kai ga asibitin Galmi, can gabas da Konni, inda mutanenmu da yawa suka sami magani. Har yau muna da masu bishara a ƙauyukan da kwana ɗaya a cikinsu sai da addu'a. Waɗannan ba zan ce su jira rani ba, domin abin da ya kai su ba ya jira. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikin matasanmu, in aka kira ta tsakar dare mace tana naƙuda a ƙetaren rafi, zan yi mata addu'a ta tafi.

Tambayoyi biyu na bar musu. Wa ya aike ka? Me kuma zai salwanta in ka jira? In amsar ta fari Ubangiji ne, ta biyu kuma ran mutum ne, to, ɗaura ɗamara ka shiga ruwan. In kuwa marmarin zuciyarka ne, ko da marmari mai kyau ne, abin da zai salwanta kuma hutu ne da kuɗin mota da kunyar a ce ka fasa, to, dutsen yana nan inda Mahalicci ya kafa shi, watan Janairu ma zai same shi a wurin. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Bayan haka muka zauna muka sake shirin daga tushe, yadda Ubangiji ya koyar a Luka 14 game da mai ginin hasumiya da ke fara yin lissafi. Muka mai da tafiyar zuwa bayan Kirsimeti, lokacin da rafuka suka janye. Muka yarda ba wanda zai shiga gandun sai da izinin hukumarsa da ja-gora daga cikin ma'aikatanta, kuma in ja-gora ya ce a tsaya, magana ta ƙare. Muka yi lissafin sanyi: Illela tana kimanin mita 300 bisa teku, iska kuwa takan ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, wato kan Gangirwal zai fi garinmu sanyi da wajen digiri 14, ga iska ga raɓa. Jiƙaƙƙiyar riga a irin wannan wuri tana iya kashe ƙaƙƙarfan saurayi, don haka kowa ya tanadi bargo da busassun tufafi cikin leda. Muka ƙara guzurin kwana biyu a kan na takwas, domin wanda abincinsa ya ƙare shi ne ke faɗawa ruwan da ya kamata ya jira. Na koya musu abin da Fulanin tudu suka koya mini: a nemi inda rafi ya yi faɗi ya bazu, a fuskanci inda ruwa ke fitowa, a dogara da sanda, a kwance igiyar jakar baya domin a iya yar da ita, kada kowa ya ƙetare shi kaɗai, in kuma ruwa mai gudu ya wuce gwiwa a koma a jira.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi yi musu wuya. Na ce su tsayar da ranar juyawa tun suna gida, su rubuta ta, kowa ya sa hannu. In ranar ta zo ba su kai ƙoli ba, su juyo ko da suna hangensa. Mutumin da ya yi kwana biyar yana hawa ba ya iya yin hukunci mai kyau a kan kwana na shida, domin wahalar da ya sha takan rinjayi idonsa. Mu da ke zaune a kan hanyar Agadas mun san wannan ciwo. Muna ganin samari suna wucewa ta tasharmu sun nufi hamada, da yawansu sun gane hatsarin tun a Tawa, amma sun sayar da gona, sun yi sallama da gida, kunyar komawa ta fi musu tsoron mutuwa.

Ba dukansu suka ji daɗi ba, kuma jinkirin bai zo kyauta ba. Cikin Satumba tsohon masallacin Damagaram ya rushe saboda ruwa, ranar 10 ga watan kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. A Nijar fiye da mutum 300 suka rasu a daminar, har gwamnati ta ɗaga buɗe makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Wasu iyaye suka fara cewa ga shi nan, da yaran sun tafi da sun halaka. Na hana wannan magana, domin Maiduguri ba Gashaka ba ce, kuma makokin wasu ba abin kafa hujjar gardamarmu ba ne. Addu'a da gudummawa suka cancanta, muka kuwa tara abin da ya sawwaƙa muka aika.

A farkon Janairu 2025 shida daga cikin taran suka tafi, suka hau, suka komo lafiya da kumburarrun ƙafafu da murna mai yawa. Shugabansu ba ya cikinsu. An yi masa canjin wurin aiki a Nuwamba, bai sami hutu ba. Shi ne ya haifi shirin, shi ya fi kowa zuba kuɗi, shi ne kuma bai ga dutsen ba. Da muka yi magana ta waya ya ce, "Baba, na bi maganarka, amma har yanzu zuciyata tana ce mini da mun tafi da mun haye." Na ce, "Ɗana, mai yiwuwa ne. Amma an ba ni amanar rai tara, ba a kuwa ba ni umarnin da aka ba Joshuwa ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya roƙi in yi masa addu'a a kan sabon wurin aikinsa. Ina girmama shi ƙwarai, domin ya yi biyayya a inda bai gamsu ba, bai kuma ɓoye mini abin da ke ransa ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila ba za ka taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ba za ki taɓa taka Gangirwal ba. Amma kowannenmu yana da tafiyar da ya tsara a shekarar sauƙi, sai shekarar ta sauya. Wani aure ne aka sa rana, wani bashi ne zai ci ya faɗaɗa shago, wani ƙaura ce, wata ikilisiya kuma gini ne ta fara kafin farashin siminti ya tashi. In ka ga alamun sun sauya, kada ka ji kunyar sake zama ka yi lissafi. Tambayi waɗanda suka fito daga inda za ka, gama matambayi ba ya ɓata. Saurari dattijon da ya taɓa ganin ruwan. Ka bincika zuciyarka a gaban Ubangiji, ka gani ko muryarsa ce ke tura ka, ko kuwa maganar mutane kake gudu. In shi ne ya ce ka haye, zai tsaya a tsakiyar kogin har ka fita. In ya ce ka yi zango, zai zauna tare da kai a bakin gaɓa har ruwan ya janye.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ne ka kafa duwatsu, kai kake aiko da damina da rani, kowanne a lokacinsa. Ka ba mu ƙarfin hali mu tafi duk inda ka aike mu, ka ba mu tawali'u mu jira sa'ad da ba ka aike mu ba, ka kuma ba mu kunnen da zai bambanta muryarka da ta zuciyarmu. Ka kiyaye matasanmu a kan hanyoyinsu, ka ta'azantar da waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu da 'yan'uwansu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.